Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamitin Gasar Muhawarar Makarantu: A Janye Sharaɗi Na 7

Zuwa ga Shugaba da mambobin kwamitin shirya gasar muhawara ta makarantun sakandare na shiyyarmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kuna lafiya tare da iyali. Ya aiki, ya kuma ɗawainiya da yaranmu? Allah ya saka muku da alheri. Mun sani ba albashi ake biyanku kan gasar nan ba, mun kuma ga lokutan da wasunku suka zuba mai a mota daga aljihunsu don kada yara su makara zuwa zauren gasa. Duk abin da zan faɗa a ƙasa bai goge wannan ba.

Ni malamin tarihi ne, kuma shekara 14 ke nan ina horar da 'yan ƙungiyar muhawara ta makarantarmu. Ina magana ne da yawun 'yan uwana malamai masu horarwa, waɗanda muka zauna bayan takardar sababbin ƙa'idojinku ta iso mana a farkon zangon nan. Sun ce ni zan rubuta, tunda a kan ɗalibata abin ya fara faɗawa. Sau biyu muna aika saƙo ta hannun sakatare, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Shi ya sa muka fito da maganar fili, domin iyaye da ɗalibai su ma suna da haƙƙin sanin da wane mudu ake auna su.

Damuwarmu sharaɗi na 7 ne. Ya ce shafin Wikipedia da aka buga a takarda ya isa hujja, makinsa ɗaya da na littafi ko jarida ko rahoton hukuma. Ya ƙara da cewa idan ɓangarori biyu suka yi saɓani kan wata shekara ko adadi ko suna, alƙalai za su duba Wikipedia nan take su raba gardama. Mun gane abin da ya kai ku ga haka. Musu kan tsawaita, lokaci kan ƙure, ɗakunan karatun makarantunmu kuwa kowa ya san halin da suke ciki. Amma maganin da kuka kawo zai haifar da ciwon da ya fi na farko.

Bari in fara da abin da ya faru bara, a zagayen kusa da na ƙarshe, don a nan aka fara wannan al'ada kafin ku mayar da ita doka. Batun da aka ba yara shi ne shugabancin mata a ƙasar Hausa. Ɗalibata, 'yar aji biyar, ta kawo Sarauniya Amina ta Zazzau, ta ce tsohon kundin tarihin sarakunan Kano, wanda wani Bature mai suna Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambace ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wato tsakanin 1421 da 1438 bisa lissafin Palmer ɗin, har ya ce Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Fotokwafin shafin na hannunta. Ni na kai ta ɗakin karatun wata kwaleji muka yi shi, sai da muka jira mai makulli ya dawo daga sallar Azahar. Da yaron ɗaya ɓangaren ya miƙe, sai ya ɗaga wata takarda sama ya ce Wikipedia ta ce a ƙarni na 16 Amina ta rayu, don haka abokiyar karawarsa ta yi kuskuren shekara ɗari cur, wanda kuwa ya ɓace da shekara ɗari ba a sauraronsa a sauran magana. Zaure ya ɗauki tafi. Babban alƙali ya ciro wayarsa daga aljihun gaban riga, ya shafa ta sau biyu ko uku, ya gyaɗa kai, ya yi rubutu. Da maki biyu aka fitar da mu.

A mota ba ta yi kuka ba. Ta ninke fotokwafin nan har ya koma kamar laya, ta riƙe shi a tafin hannu har muka iso. Sai da za ta sauka ta ce, "Malam, ashe da waya kawai na duba da na huta." Wannan maganar ce ta hana ni barci, ba kofin da muka rasa ba.

Gaskiyar lamarin ita ce ba wanda ya yi ƙarya a cikin yaran biyu. Masana tarihi sun daɗe da saɓani kan zamanin Amina. Wasu na bin kundin Kano su sa ta a ƙarni na 15, wasu na bin ruwayoyin Zazzau da ke cewa 'yar Bakwa Turunku ce su sa ta a ƙarni na 16. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne da na koma gida na karanta shafin nan a tsanake, shi kansa ya ambaci saɓanin. Alƙali bai kai wurin ba. Ya ga shekarar da ke sama, ya rufe waya. Haka kuwa kowane alƙali zai yi idan aka ba shi daƙiƙa talatin ya raba gardama, ga yara ɗari biyu sun zuba masa ido.

Ƙorafinmu na farko ke nan a kan sharaɗin: ya ɗauka kowace tambaya amsarta ɗaya ce tana zaune a saman shafi. Tarihinmu ba haka yake ba, lissafinmu ma ba haka yake ba. Ku ba yara batun Kano da Legas wa ya fi jama'a ku ga. Ƙidayar 2006 ta ba jihar Kano kimanin miliyan 9.4, Legas miliyan 9.1, gwamnatin Legas ta ƙi amincewa ta fitar da nata adadin da ya kusa ninka wannan, kuma tun daga lokacin ba a sake ƙidaya ba, sai hasashe. Yaron da ya san wannan duka ya fi wanda ya haddace lamba ɗaya ilimi, amma a ƙarƙashin sharaɗi na 7 mai lamba ɗayan ne zai ci.

Na biyu, kuma shi ne ya fi tsorata mu, kowa na iya gyara shafin. Wannan ba aibi ba ne da maƙiya suka laƙa mata, shi ne tushen da Jimmy Wales da Larry Sanger suka ɗora ta a kai ranar 15 ga Janairu, 2001. Na taɓa nuna wa 'yan ajina da idonsu. Muka buɗe wata maƙala a Wikipedia ta Hausa inda aka rubuta kalma ba tare da ƙugiyar harafi ba, na taɓa wurin gyara, na mayar da "k" ta koma "ƙ", na adana, na miƙa wayar tana zagaya benci-benci. Babu wanda ya tambaye ni takardar shaidar karatu. Wani yaro daga can baya, irin waɗanda ba sa rasa abin faɗa, ya ce, "Malam, ke nan ni ma zan iya rubuta cewa kakana ne ya gina ganuwar Kano?" Aji ya fashe da dariya. Na ce masa zai iya, kuma wataƙila wani ya goge cikin minti biyar, wataƙila kuma ya kwana.

To, ranku ya daɗe, minti biyar sun isa a buga takarda. Yaron da ya san wannan zai iya shiga shagon kwamfuta daren jajibirin gasa, ya canza shekara ko adadi yadda zai dace da hujjarsa, ya buga, ya zo da ita gabanku da tambarin Wikipedia a sama. Idan shafin irin waɗanda ba a cika leƙawa ba ne, alƙali zai duba wayarsa ya tarar da abin nan dai da yaron ya rubuta da hannunsa jiya. Ba mu ce an yi ba. Muna cewa kun bar ƙofa a buɗe, kuma yaranmu ba su da wauta.

Kada a ce ai masu sa ido suna kama irin wannan. Suna kamawa, musamman a manyan shafukan Turanci da dubban mutane ke dubawa, wasu ma an kulle su sai tsofaffin editoci ke iya taɓawa. Amma abin da ya kuɓuce musu ba kaɗan ba ne. A 2005 wani ya rubuta cewa an taɓa zargin ɗan jaridar Amurka John Seigenthaler da hannu a kisan Shugaba Kennedy da ƙaninsa Robert, alhali mutumin ma'aikacin Robert ɗin ne kuma amininsa. Ƙazafin ya yi wata huɗu a shafin. Wata mata ta shafe kusan shekara 10 tana ƙaga tarihin Rasha na zamanin da a Wikipedia ta harshen Sin, maƙaloli sama da 200, da sarakuna da yaƙe-yaƙe da ma'adinan azurfa da ba a taɓa yi ba, sai a 2022 asirinta ya tonu. A 2015 kuma an toshe asusu 381 a lokaci guda a sashen Turanci, na wasu da ke karɓar kuɗi a ɓoye suna rubuta wa mutane da kamfanoni shafuka. Idan haka ta faru inda masu gadi suka fi yawa, me kuke tsammani a shafin wani ƙaramin gari namu da ba a buɗe shi sau goma a wata?

Mu nan ba baƙi ba ne ga wannan matsala, kakanninmu sun san ta tun kafin a yi lantarki. Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya ji maganar Abdullahi ɗan Mubarak cewa isnadi yana cikin addini, ba don shi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Ba ina haɗa hadisi da shafin intanet ba ne, Allah ya kiyaye. Tarbiyyar nake nufi: wa ya faɗa maka, shi kuma wa ya faɗa masa, an san shi ko ba a san shi ba? Yaran da ke zuwa gasarku da safe, da yawansu da yamma suna Islamiyya ana koya musu cewa ruwayar wanda ba a san ko wane ne ba ba a kafa hujja da ita. Mafi yawan masu rubuta Wikipedia da sunan aro suke yi. A 2007 aka gano wani babban edita da ake ji da shi a sashen Turanci, mai kiran kansa Essjay, wanda ya ce shi farfesa ne mai digirin digirgir a ilimin addini, har yana kafa hujja da muƙamin nasa idan musu ya tashi kan wata maƙala. Ashe saurayi ne ɗan shekara 24 da bai ma kammala kwaleji ba. Yaya za mu ce wa yaro da yamma ya binciki mai ruwaya, da safe kuma mu ba shi maki don ya ƙi bincika?

Akwai wani abu kuma da ya fi wannan rikitarwa, don ko mai bincika yakan faɗa ciki. Kun san labarin mutumin nan da yara suka dama, ya ce musu ana rabon abinci a gidan wane don su ba shi wuri, da ya ga sun kwasa da gudu sai ya ce kai, kada fa gaskiya ne, ya bi bayansu. Haka take faruwa tsakanin Wikipedia da jaridu. A watan Fabrairun 2009 aka naɗa Karl-Theodor zu Guttenberg ministan tattalin arzikin Jamus. Mutum ne ɗan gidan sarauta mai jerin sunaye kusan goma, sai wani ya soka "Wilhelm" a tsakiyar sunayen a shafinsa na Wikipedia don tsokana. 'Yan jarida suka kwafa, har da shafin mujallar Spiegel. Wani edita mai lura ya yi shakka ya cire sunan, sai aka mayar da shi, aka kafa hujja da Spiegel. Ƙarya ta fita ta ƙofar gaba ta dawo ta ƙofar baya da rawani. Saboda haka ko yaro ya ce "jarida ma ta faɗa", sai an duba wace ce ta riga wata.

Kuma kada alƙalanmu su ji kamar su kaɗai muke nufi. A 2012 wani babban alƙalin Birtaniya, Leveson, ya fitar da rahoto mai shafi kusan 2,000 kan ɗa'ar aikin jarida a ƙasar. A ciki ya lissafa waɗanda suka kafa jaridar Independent, ya haɗa da sunan wani matashi Ba'amurke da abokinsa ya saka a Wikipedia don wasa. Rahoton da aka rubuta don a koya wa 'yan jarida tantance labari ke nan. A Janairun 2023 kotun ƙolin Indiya ta ja kunnen kotuna da hukumomi kan dogaro da irin waɗannan shafuka wajen yanke shari'a. Sashen tarihi na kwalejin Middlebury a Amurka ya hana ɗalibansa kafa hujja da Wikipedia a 2007. Shi kansa Wales ya sha gaya wa ɗaliban jami'a kada su yi. Ita ma Wikipedia ta rubuta a shafinta na gargaɗi cewa ba ta ba da tabbacin ingancin abin da ke cikinta, kuma dokarta ta hana a kafa hujja da wata maƙalarta a cikin wata. Mai kaya ya ce kada a rantse a kan kayansa, ku kuma kun rantse.

Sai batun zagayen da ake yi da Hausa, wanda a nan ne nake so in yi taka-tsantsan. Akwai matasa 'yan sa-kai da ke rubuta Wikipedia ta Hausa da datarsu da lokacinsu, ba sisin kwabo. Na san wahalar zama a nemo wa kalmar kimiyya Hausar da za ta zauna daidai. Sun cancanci yabo, kuma dalilinsu ne yaro a ƙauye ke iya karanta labarin wata ƙasa da harshen uwarsa. Amma su ma ba za su musa ba, maƙaloli da yawa fassara ce daga Turanci, wasu kuma da ka karanta layi biyu ka san na'ura ce ta juya su ba a bi an gyara ba. Za ka ga jimla ta tashi da Hausa ta sauka ba a san inda ta nufa ba, ko a juya sunan mutum kamar kalma ce. Idan kuskure na cikin na Turancin, ya biyo fassara. Idan daga baya an gyara na Turancin, na Hausar na nan yadda yake. Masu gyara kaɗan ne, aikin kuma ya fi ƙarfinsu. Abin da ya sami Wikipedia ta harshen Sikots, na mutanen Sikotland, ya isa ishara. A 2020 aka gano wani matashi Ba'amurke da ba ya jin harshen ya rubuta maƙaloli sama da 20,000, Turanci ne kawai yake murɗa wa haruffa. Ba mugunta ya nufa ba, yana ganin taimako yake yi, tun yana ɗan shekara 12. Shekaru aka yi ba wanda ya tanka, don masu harshen ba sa leƙawa. Yanzu ku ce shafin Turanci ya faɗi abu ɗaya, na Hausa ya faɗi wani, na Larabci wani daban. Wanne alƙali zai bi? Sharaɗin bai faɗa ba.

Wani abin da muka fara ji a bakin yara tun fitowar takardarku shi ne, "Ai babu shi a Wikipedia." Suna faɗa ne kamar an gama magana. Dokar Wikipedia ita ce sai abin da aka riga aka wallafa a wata madogara da za a iya dubawa. Dalilinta mai kyau ne, amma ku dubi abin da ya bari a waje a wajenmu: abin da ke bakin dattawa da maroƙa da makaɗan fada, kirarin garuruwa, takardun ajami da ke cikin gafaka a gidajen malamai. Yarinyar da ta je ta zauna gaban kakarta ko limamin garinsu ta rubuto yadda aka kafa kasuwarsu ta yi aikin masanin tarihi na gaske. A ƙa'idarku ba ta da hujja, wanda ya buga shafi a shago shi ke da ita. Kuma wa ke da shagon a kusa? Makarantun cikin gari. 'Yan makarantun karkara da sai an hau tudu ake samun sabis an riga an ci su tun ba su hau mota ba.

A zamanmu wasu abokan aikina sun ce a nemi ku haramta Wikipedia gaba ɗaya, duk yaron da ya ambace ta a cire masa maki. Ban yarda ba, kuma da aka tattauna akasarinmu ba mu yarda ba. Kundin ilimin da ke ɗakin karatun makarantarmu, wanda asu ya cinye wa juzu'i biyu, Nijeriya mai jihohi 19 ya sani. Babu jihar Katsina a ciki balle Jigawa ko Zamfara, Legas ce babban birni, Tarayyar Sobiyet na nan daram. In muka ce yaro ya bar waya ya koma wa wannan, mun cuce shi. Su kansu masu Britannica, sanannen kundin ilimin nan na Turanci, sun daina buga ta a takarda tun 2012. Kuma adalci ne a faɗi cewa da mujallar kimiyya ta Nature ta ba masana maƙaloli 42 na kimiyya suka auna a 2005, sun sami kurakurai 162 a Wikipedia, 123 a Britannica, manyan kurakurai kuwa huɗu-huɗu. Britannica ta yi fatali da binciken, Nature ta tsaya kan bakanta. Ko ma wa ke da gaskiya, tazarar ba ta kai yadda ake zato ba. Sai dai a lura, maƙalolin kimiyya ne na Turanci aka auna, ba tarihin masarautunmu ba, ba kuma siyasar da ake cikin zafinta ba.

Ni kaina ina buɗe ta kusan kullum. Amfaninta a wajena irin na yaron da ke tsaye a bakin kasuwa ne, ka tambaye shi ina 'yan goro, ya kai ka har rumfa. Ba a wajensa za ka sayi goron ba. A ƙarƙashin kowace maƙala ta kirki akwai manazarta, waɗannan ƙananan lambobi da ke manne da jimloli suna kai ka ga littafi ko rahoto ko jaridar da aka ɗauko maganar. Akwai wurin duba tarihin gyare-gyare, inda za ka ga wa ya canza me da ƙarfe nawa. Akwai shafin tattaunawa inda editoci ke musu a fili. Akwai alamar da ke cewa ana buƙatar hujja. Babu littafin da ke nuna maka cikinsa haka. Wanda ya tona ƙaryar da aka yi kusan shekara 10 ana yaɗawa, cewa wai wani ɗan Sikotland ne ya ƙirƙiro na'urar gasa burodi ta lantarki a 1893, ƙaryar da ta shiga jaridu da littattafai, ɗalibi ne ɗan shekara 15. A 2022 ya dubi hoton da ke shafin ya ga bai yi masa kama da tsohon hoto ba, ya yi tambaya. Sa'an 'yan ajinmu huɗu ne. Irinsa muke so gasarku ta fitar.

Don haka ga abin da muke roƙo, ranku ya daɗe.

Ku janye sharaɗi na 7 kafin a fara zagayen farko na bana. A madadinsa a rubuta cewa ɗalibi na iya fara bincikensa daga Wikipedia ko duk inda ya ga dama, amma abin da zai kafa hujja da shi a zaure sai ya faɗi asalinsa: wa ya rubuta, a ina, a wace shekara. Idan ya bi lambar manazarta ya tarar ba ta kai ko'ina ba, ya bar maganar. Wannan ya haɗa da amsoshin manhajojin ƙirƙirarriyar basira da yara suka fara kawowa, waɗanda su ma daga irin waɗannan shafuka suke kwasar kaso mai yawa na abin da suke faɗa.

A hana alƙalai raba gardama da waya ana tsakiyar muhawara. Maimakon haka kowane ɓangare ya miƙa jerin madogararsa ga kwamiti da abokan karawarsa kwana uku kafin ranar, yadda alƙali zai karanta a gida cikin natsuwa, yaran kuma su zo sun san abin da za su rusa. Idan aka tarar batu ne da masana suka saɓa a kai, kada a cire wa kowa maki, a ƙara wa wanda ya iya bayyana saɓanin. A kuma buɗe ƙofa ga ruwayar baka, muddin ɗalibi ya faɗi wa ya gaya masa, matsayinsa a gari, da ranar da suka zauna.

A rubuta ƙarara cewa duk wanda aka samu ya taɓa wani shafi don ya ci gasa an kore shi da makarantarsa a wannan shekarar. Ba wuya a gane, tarihin gyare-gyare na ajiye rana da lokaci.

Muna kuma roƙon a ware yini ɗaya kafin gasa, a tara alƙalai da malamai masu horarwa, a gayyato ma'aikatan ɗakin karatu da wasu daga cikin masu rubuta Wikipedia ta Hausa su nuna mana yadda ake bin manazarta da yadda ake gane shafin da ba a gama dafawa ba. Makarantarmu ta yarda ta ba da zaure da kujeru, mu malamai za mu haɗa kuɗin ruwa da abin taɓawa. In an dace ma, ɗaliban da suka gano kuskure a shafin Hausa su koyi gyara shi da hujja, kowa ya amfana.

Na ƙarshe nawa ne ni kaɗai, ban sa bakin abokan aikina ba. Ba na neman a dawo da sakamakon bara, waɗanda suka ci sun yi ƙoƙari kuma yaron nan bai yi laifin komai ba. Ɗalibar tana aji shida yanzu, ta ce ba za ta shiga gasar bana ba. Ina roƙon kwamiti ya rubuto mata layi biyu ta hannun shugaban makarantarmu, a shaida mata cewa abin da ta kawo daga kundin Kano hujja ce karɓaɓɓiya. Daga bakina ta ji, amma ni malaminta ne, tana ganin lallashi nake yi.

Muna sauraron amsarku kafin ranar da za a fitar da jadawalin karawa. Idan kuna son mu zo mu yi bayani baki da baki, ku sa mana rana, za mu zo.

Allah ya ƙara girma, ya yi muku jagora.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Malamin tarihi kuma mai horar da 'yan muhawara,
a madadin malamai masu horarwa na shiyyar.